Alhaji, Dakata Da Sayen Kwamfutocin Nan Tukuna

Jama'a masu bibiyar wannan fili, musamman ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Ɗan Issa da Jibiya da Ƙonni da Illela da Magarya da Maigatari, waɗanda na san da yawansu sai la'asar ta yi, ciniki ya lafa, sannan a samu wani yaro ya karanto musu jarida a bakin rumfa. Yau maganata a kan jami'a take. Kada wani ya ce wannan ta ƴan boko ce ya juya shafi, domin daga bakin ɗan kasuwa ta taso, kuma dukiyar ɗan kasuwa ce ke shirin shiga cikinta.

Kwanakin baya, bayan mun kammala shirin farashin kayayyaki da muke yi a gidan rediyonmu kowace ranar kasuwa, wani dattijo cikin manyan masu fataucin wake da aya ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar magazarsa ana ta awo. Ya ce mini ƴarsa ta ci jarrabawar bak, ta samu gurbi a jami'a, kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai wannan matsayi. Don haka ya yi niyyar gode wa Allah da wata sadaka mai gudana: zai sa a sako masa kwamfuta 100 cikin kontena daga Dubai, ya kai wa jami'ar kyauta. Abin da yake so daga gare ni shi ne in shirya yadda za a sanar a rediyo ranar da za a miƙa kayan.

Na yi masa barka, na yi wa yarinya addu'a, sannan na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma ina roƙon arziki ka dakata tukuna." Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, yanzu alherin ma sai an dakata da shi?" Ban iya ba shi cikakkiyar amsa a wurin ba, ga ƴan dako na jira, ga masu kaya na ƙirga buhuna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ke da irin wannan kyakkyawar niyya ba.

Ni ba injiniya ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Amma na taɓa ganin irin wannan kyauta da idona, na kuma ɗanɗana ƙarshenta. Shekarun baya wata ƙungiyar agaji ta kawo wa gidan rediyonmu kwamfuta 3 sababbi fil. Aka yi biki, aka yanka rago, aka ɗauki hotuna, baƙi suka koma inda suka fito. Mu kuma muka kwashe kaset-kaset ɗinmu na shekara da shekaru muka juye cikin ɗaya daga cikinsu: hirarraki da tsofaffin madugai da suka yi fatauci da jakuna zuwa Kano, da tsofaffin mata masu ba da tarihin unguwanni, da karatun malaman da yanzu ƙasa ta rufe musu ido. Muka ga kaset ya zama tsohon yayi, muka riƙa naɗar wasu shirye-shirye a kansu. Babu wanda ya tambayi ina wayar da ke kai tsawa cikin ƙasa, babu na'urar daidaita ƙarfin wuta, babu kwafi na biyu a wani wuri. A damina ta biyu, cikin dare ɗaya, aradu ta faɗo kusa da eriyarmu, ta bi waya ta shigo. Da safe ƙaurin ƙuna ne ya tarbe mu. Kwamfuta ana sayen wata, kuma mun saya. Muryoyin mutanen nan kuwa sun tafi ke nan.

Abin da ya same mu a ɗaki ɗaya shi ne zai iya samun jami'a mai dubban ɗalibai, sai dai asararta ta fi tamu nesa ba kusa ba. A yau rajistar ɗalibi, da shaidar biyan kuɗinsa, da makin jarrabawarsa na kowane zango, da sunayen masu karɓar burs, da binciken da malamai suka shekara suna yi a kan irin gero ko ciwon dabbobi, duk hanyar shiga kwamfuta suka nufa. Uban da ya shekara 3 ko 5 yana biyan kuɗin haya da abinci da takardu, abin da zai gani a ƙarshe takardar shaida ce guda ɗaya. In bayanan da ke bayan wannan takarda suka ɓace, ko wani ya samu shiga ya sauya su, to wahalar uba da ta ɗa duk ta zama ta banza.

Mu tuna yadda muka zo nan. Shekaru kusan 40 Nijar na da jami'ar gwamnati guda ɗaya tal, ta Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Sai a 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Daga ɗaya an koma 8 cikin ƴan shekaru. Jami'ar da ba ta kai shekara 20 ba yarinya ce, tana kan gini: bana babban zauren karatu, baɗi ɗakin kwanan ɗalibai, gaba ɗakin gwaje-gwaje. To wannan lokaci na gini shi ne kaɗai lokacin da tsara hanyoyin sadarwa ke da araha. In ya wuce, sai fasa bango da farfasa kwalta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwamfuta ita kaɗai kamar shago ce a tsakiyar daji. Kaya na ciki, amma ba hanyar da mota za ta bi, ba mai gadi, ba ma'ajiya. Abin da ke ba ta amfani abu biyu ne: rezo, wato wayoyin da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci da duniya, sai kuma ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kowa, wanda ni nake kira rumbun bayanai. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan lissafi tun kafin a ƙera kwamfuta. Wa ya taɓa sayen albasa cikin kamyo bai san hanyar da za ta bi ba, bai san inda za a sauke ta ba?

Mu fara da waya. Wayar tagulla da ake jan rezo da ita cikin gini iyakarta mita 100, in ta wuce haka saƙo ya raunana. Tsakanin gini da gini kuwa sai wayar fibar, wani zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai wanda haske ke bi ta cikinsa, yana tafiya kilomitoci bai gaji ba, kuma da yake ba ya ɗaukar wuta, aradu ba ta bin sa daga wannan gini zuwa wancan kamar yadda ta bi tamu wayar. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, galibi tonon ramin da gyaran wurin da aka tona sun fi ita kanta wayar tsada. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe rami a cikin jami'a, ko na tiyon ruwa ne ko na tushen gini, hankali shi ne a jefa tiyo biyu ko uku na roba babu kome cikinsu, a rufe, a yi musu alama. Ranar da aka samu kuɗin waya sai dai a zura. Kuma a bi da wayar ta zagaye harabar kamar zobe, ta yadda kowane babban gini zai samu hanya biyu. In mai tona ya sare ɗaya da diga, saƙo ya bi ta ɗayar. Sannan a zana taswirar inda kowace waya ta bi, a ajiye a ofis. Na san wuraren da mutumin da ya binne waya ya bar aiki ya tafi da taswirar a cikin kansa, har yau in za a yi gyara sai dai a yi ta tono ana dube-dube.

Wani zai ce ai yanzu wifi ake yi, me ya kawo zancen waya? To wifi ɗin ma waya ce a bayansa. Kowane ɗan akwatin da kuke gani maƙale a bango sai an ja masa waya, kuma mutum ƴan gomomi yake iya ɗauka yadda ya kamata. Zauren da ɗalibi 500 ke zama cikinsa yana bukatar akwatuna da yawa, kowanne da wayarsa, dukansu kuma su haɗu a wani ɗan ƙaramin ɗaki mai makulli da iska. In mai zanen gini bai sa wannan ɗaki a takarda ba tun farko, ƙarshenta sai ka ga an rataye kayan miliyoyi a ƙarƙashin matakala, inda ƙura da ɓeraye ke kwana.

Ga wani lissafi mai sauƙi. A ce ɗalibi 5,000 sun hau rezo lokaci ɗaya, kowanne yana bukatar megabit 1 kacal, wanda da ƙyar yake isar kallon darasi a bidiyo. Megabit 5,000 ke nan. In duk wannan sai an sayo shi daga waje, babu jami'armu da aljihunta zai ɗauka cikin sauƙi. Amma in darussa da littattafai da takardun rajista suna ajiye a rumbun cikin gida, yawancin zirga-zirgar ba ta fita ƙofar jami'a ba, balle a biya mata kuɗin hanya. Wannan shi ne amfanin rumbu na farko, kuma shi ya sa nake cewa kowace jami'a na bukatar nata, ko da ɗan ƙarami ne.

Yanzu mu zo kan inda gizo ke saƙa, wato wuta. Manyan kwamfutocin nan ba a kashe su, dare da rana, ranar aiki da ranar sallah. Ƴan kasuwar kan iyaka ba sa bukatar in tuna musu da 2023. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar tun farkon watan Agusta, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa daga can take zuwa. Maraɗi da Damagaram da ke sha daga layin Katsina zuwa Gazawa sun ji a jikinsu. Sai a watan Maris 2024 aka janye wannan mataki. Masu sayar da ƙanƙara da kifi da magunguna sun san abin da suka zubar. Duk wanda zai tsara rumbun bayanai a wannan ƙasa bai sa waɗannan watanni a lissafinsa ba, bai fara aikin ba tukuna.

Ku ɗauki ƙaramin ɗaki da kwamfutocinsa ke cin kilowat 10. A yini ɗaya kilowat-awa 240 ke nan, a shekara 87,600. Duk wutar da kwamfuta ta ci kuwa zafi take komawa, sai an sa kilim ya fitar da shi, shi ma kilim ɗin da nasa cin, wanda a irin yanayinmu zai iya kusantar na kwamfutocin. In a kan injin gurup za a dogara, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa janareta, kowane kilowat 10 na shan wajen lita 3 na gazuwal a awa. Ku da kuka san farashin lita, ku ninka da kanku. Masu motocin sufuri sun san sayen kamyo ba shi ne wahala ba, mai da taya da kanikanci su ne ke karya mutum. Haka rumbun bayanai yake. Mai ba da kyauta yana sayen kamyo ya miƙa makulli, ya bar jami'a da kuɗin mai.

Zafin nan ba ƙaramin abu ba ne. Masana sun ƙayyade iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Kilim ɗaya in ya tsaya da tsakar rana, ɗakin da yake rufe ruf ba ya daɗewa ya zama tanda, saboda haka biyu ake sawa, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Batiran ondilar, wato na'urar da ke riƙe wuta kafin gurup ya tashi, su ma zafi ne ajalinsu: batirin dalma da ke zaune cikin zafin da ya ɗara digiri 25 da kamar 10, rabin kwanansa yake yi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe kowace kafa. Sannan ga ruwa. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya yi a Maraɗi ba zai yarda a sa irin wannan ɗaki a kwari ko a ƙarƙashin ƙasa ba, ko da mai zanen ya kawo hoton yadda ake yi a Turai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin wutar nan a kanmu yake tsaye kullum. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, haifaffen Tasawa ne a nan jahar Maraɗi, kuma ya ƙare rayuwarsa a kan binciken ƙarfin rana, ya shugabanci ofishin ONERSOL shekaru da dama tun lokacin da duniya ba ta ɗauki sola da muhimmanci ba. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023. Jami'o'inmu na da fili da rufin kwano mai faɗi. Lokacin da ɗalibai suka fi hawa rezo, kilim kuma ya fi wahala, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. A ganina tsarin da ya dace da mu shi ne rana da batir su zama na farko, kuran NIGELEC na biyu, gurup na uku don ranar tsanani.

Ko an yi duk wannan, rumbu ɗaya ba abin dogaro ba ne. A farkon Janairu 2012 gobara ta cinye ginin ma'aikatar shari'a a Yamai tare da tarin takardu. A Maris 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, da yawa cikin masu karatun nan sun san wanda littafin bashinsa ya tafi tare da kayansa. Kada kuma a ce sakacin baƙar fata ne. Ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a rumbun kamfanin OVH a birnin Sitrasbur na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka tsaya, kuma waɗanda kwafinsu na biyu ke ajiye a wuri ɗaya da na farko sun rasa duka. Tsofaffin fatake ba sa loda dukan jarinsu a mota ɗaya. Makin ɗaliban Maraɗi ya kamata kowane dare a aika kwafinsa wani gari, na Damagaram ma haka, a kuma riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci, don kada ranar bukata a tarar da buhu babu kome.

A nan ne nake saɓa wa wasu masu son ganin kowace jami'a ta gina katafaren rumbu mai gilashi da za a zo a yanke ƙyalle. Jami'a 8 ba sa bukatar manyan rumbuna 8, kuma ba mu da wuta da ma'aikatan da za su riƙe su. Akwai aikin wayar fibar mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya amince da tallafa masa a 2016, wanda ɓangaren Nijar ya ƙunshi kilomita 1,031 zuwa iyakokin Aljeriya da Cadi da Binin da Burkina Faso da Najeriya, har da reshen Damagaram zuwa Magarya, tare da babban rumbun bayanai na ƙasa a Yamai. An tsara shi a kan abin da ake kira mataki na uku, wato wanda za a iya gyara kowane sashensa ba tare da an kashe shi ba. To me zai hana kowace jami'a ta tsaya a kan ɗan ƙaramin ɗaki mai inganci don bukatunta na yau da kullum, manyan kaya da kwafin ajiya kuma a kai su rumbun ƙasa ko a yi musaya da wata jami'a?

Haka ma sayen intanet. Ɗan kasuwa ya san bambancin sayen mudu da sayen kamyo. Jami'o'in Nijar na da haɗakarsu ta NigerREN, wadda ke cikin babbar haɗakar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mai suna WACREN da ke da mazauni a Akara. Najeriya ta ƙaddamar da tata, NgREN, a 2014 da jami'o'in tarayya 27. Manufar duka ɗaya ce, a haɗa kuɗi a sayi sari. Kuma a saya ta ƙofa fiye da ɗaya, domin Nijar ba ta da teku, duk intanet ɗinta na waya ta ƙasar wani yake biyowa. Ranar 13 ga Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka, muna cikin murna, washegari manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gabar Kodibuwa, rezo ya rikice daga Laberiya da Gana da Binin har nan gida. Ɗan kasuwan da ya san hanyar Kwatano kaɗai ya ga abin da ya gani tun da aka rufe gadar Gaya a 2023.

Na san abin da matasa za su ce: ai Starlink ya shigo Nijar a 2025, a kafa faranti a kan rufi a huta da tonon rami. Ban raina shi ba, ya yi wa ƙauyuka da dama rana, kuma a matsayin ƙofa ta biyu yana da kyau ƙwarai. Amma faranti ɗaya ba ya ɗaukar dubban ɗalibai, saƙon da ya sauko da shi sai an rarraba shi cikin gine-gine da waya, kuma shi ma wuta yake ci. Bayan haka, makullinsa na hannun wani kamfani a Amurka. Bayanan ɗalibai sun ƙunshi suna da ranar haihuwa da hoto da lambar waya, har da na ƴar Alhaji. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane. Wajibi ne a san wa ke da izinin buɗe su, kuma duk wanda ya taɓa maki na'ura ta rubuta sunansa da lokacin da ya taɓa.

Duk wannan kuwa mutum ne ke riƙe shi. Fibar da aka binne da kyau tana kai shekara 20 ko fiye, manyan kwamfutoci kuwa bayan shekara 5 zuwa 7 sai a fara neman canji, batir ma bai kai haka ba. Dole a samu ma'aikata na dindindin, ba mutum ɗaya da in ya tafi jana'iza a ƙauye jami'a ta tsaya ba, a kuma biya su abin da zai hana kamfanonin waya kwashe su. Jami'a ce ma ke horar da irin waɗannan yara, abin kunya ne a ce sai an kira wani daga waje ya zo ya kunna mata na'ura.

Akwai kuma maganar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma tsakaninmu ne. Kwangilar kawo waɗannan kaya sau da yawa a hannun ƴan kasuwa take faɗawa. Akwai wayar da ake sayarwa da sunan tagulla, alhali alminiyom ce aka shafa mata tagulla a baya, akwai batirin da ya shekara biyu a magaza kafin a kawo shi, akwai tsohuwar kwamfuta da aka goge aka sa cikin sabon kwali. Mai karɓar kaya ya sa hannu, mai kawowa ya karɓi kuɗinsa, bayan shekara ɗaya a ce ai kayan zamani ba su da ƙarko. Wanda ya yi haka ya tuna watakila makin ɗansa ne zai bi ta cikin wannan waya.

To Baba Alhaji, ga amsar da ban ba ka ba a ƙofar magaza. Kwamfuta 100 in ta sauka a wurin da ba a shirya mata ba, sai an nemo ɗaki, da tebura, da wuta, da kilim, da mai kula, kuma yawancin ɗaliban nan kowanne da wayarsa a aljihu, abin da ya rasa shi ne rezo mai ƙarfi da wurin caji. Kuɗin kontenar nan zai iya sa sola da batir a ɗakin da ke riƙe da makin ƴarka, ko ya binne tiyo da fibar daga ɗakin karatu zuwa ɗakin kwanan ƴan mata, don kada su riƙa fita cikin dare neman inda rezo yake. In kuma ka haɗa kai da abokanka biyar ko goma, kuna iya tsayar da wasu shaguna a matsayin waƙafi, kuɗin hayarsu ya riƙa tafiya wajen canjin batir da horar da yara biyu kowace shekara. Na sani abin da aka binne a ƙasa ba ya fita a hoto, kuma ba a rubuta sunan mutum a jikin tiyo. Amma kai da bakinka ka ce sadaka mai gudana kake nema.

Kafin ka ba da ko dala ɗaya, ka nemi ganin ma'aikatan da ke kula da kwamfutocin jami'ar, ba manyan ofis kaɗai ba, ka yi musu irin tambayoyin da kake yi wa mai son ka ba shi ajiyar kaya. Ina taswirar gine-ginen da za a yi nan da shekara 10, kuma ina waya za ta bi? In kuran ya ɗauke kwana 3, me ke faruwa? A wane gari kwafi na biyu yake? Wa ke biyan kuɗin gyara baɗi? In suna da amsa a rubuce, su za su nuna maka gurbin da kuɗinka ya fi amfani, watakila ma su ce kwamfutocin suke so, a lokacin sai in zo da makirfo da kaina. In ba su da ita, to kyautarka ta farko ita ce ka biya a zauna a rubuta.

Yaronka ya shaida mini ba a riga an tura kuɗin Dubai ba. Ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo maka wannan jarida bayan an gama awo, kuma in ka amince mu sa ranar da za mu shiga jami'ar tare.